Labulen Gadon Jariri Ba Allura Ba Zare

A yawancin gidajen Tamale jariri ba shi da ɗakin kansa. Ko a Sabonjida ne, ko Zogbeli, ko Zangon Hausawa, abin da aka saba gani shi ne gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, kuma inda uwa take kwana nan ɗanta yake, sau da yawa ma a kan katifa guda. Duk da haka ƙaramin gadon katako mai sanduna yana ta samun shiga cikin kayan haihuwa, musamman a wajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Wasu na kanti suke saya, wasu kuma kafinta suke ba aiki ya haɗa musu. Da zarar gadon ya shigo ɗaki, sai ƙarƙashinsa ya zama ma'aji: bahon wanka, bokitin nafkin, kwalin famfas, fulas ɗin ruwan zafi, da tulin sabulun da 'yan barka suka kawo.

Ranar suna kuwa, kwana bakwai da haihuwa, ɗakin maijego ba ya rabuwa da mata. Wannan ta shiga ta ce Allah ya raya, waccan ta fita, kuma idon kowa sai ya kai ƙarƙashin gadon nan. Abin da ke rufa asiri shi ne ɗan labulen da ake zagaya ƙasan gado da shi, daga katakon da katifa ke zaune a kai zuwa kusa da daɓe. Ba baƙon abu ba ne ga matan Hausawa da na Dagomba, waɗanda tun iyaye da kakanni suka san jeren ɗaki da ɓoye kwanuka a ƙarƙashin gado. Sabon abin kawai shi ne mace za ta iya yin sa da kanta cikin yamma ɗaya, ba keke, ba allura, ba jiran tela. Wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu Sallah ko bikin Damba ya san darajar wannan.

Yadin ba wuyar samu yake ba. A Babbar Kasuwar Tamale da kasuwar Aboabo akwai atamfa iri-iri, daga ta GTP da ake bugawa a Tema tun 1966 da ta Akosombo, zuwa masu araha da ake shigowa da su daga Sin. Sai dai sau da yawa ba a ma buƙatar zuwa kasuwa. A Ghana ana sayar wa mata atamfa yadi shida: huɗu su tafi wajen riga da siket, biyu su rage a matsayin zanen yafawa ko na goyo. Wannan yadi biyun da ke ninke a akwati shi ne daidai abin da aikin yake nema.

Ga yadda lissafin yake. Ƙaramin gadon jariri da ya fi yawa tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 60. Akwai mai 140 da 70, na Amurka kuma wajen 132 da 71. Na kafinta kuwa sai abin da tef ya nuna, don haka a gwada kafin a taɓa almakashi. Tun da gadon yakan jingina da bango, ɓangare uku kaɗai ake rufewa: gaba da gefe biyu. Yadi ɗaya santimita 91 ne, faɗin atamfa kuma yakan kai 115 ko ya ɗan ɗara. In aka raba yadi ɗaya da rabi gida biyu ta tsawonsa, za a samu falle biyu, kowanne ya kusa santimita 137 a tsawo da 57 a faɗi. Falle ɗaya ya rufe gaban gado mai 120, a yanka ɗayan biyu ya rufe gefuna, har da rarar kalmasa. Mai son ninki guda a tsakiyar gaba, irin na siket ɗin 'yan makaranta, sai ta yi amfani da yadi biyun gaba ɗaya.

Kafin yanka akwai wanki, kuma nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Sabuwar atamfa tana zuwa da sitaci da sheƙin masana'anta, gam ba ya kama ta sosai, sannan auduga takan ɗan tsuke a wankin farko. A wanke, a shanya a inuwa, a goge. Idan yadin roba ne mai santsi, gara a bar shi, domin zafin da gam yake so ya isa ya ƙona shi.

Abin da ke maye gurbin zare wani siririn farin ƙyalle ne mai kama da yanar gizo-gizo, da ake naɗe shi kamar tef, ana samunsa wajen masu sayar da kayan teloli. Gam ne busasshe, zafi ke narkar da shi. Ana ninke bakin yadin kamar faɗin yatsa biyu, a goge ninkin ya kwanta, a zura gam ɗin a ciki yadda ko kaɗan ba zai leƙo waje ba, a shimfiɗa ɗan tsumma mai laima a kai, sannan a danna dutsen guga. Dannawa ake yi, ba ja ba. A ƙirga kamar goma zuwa goma sha biyar, a ɗaga, a matsa gaba. In an gama kada a yi saurin ɗaga yadin a ga ko ya kama. Sai ya huce yake riƙewa. Idan gam ya leƙo ya taɓa ƙasan dutsen guga, zai manne ya ɓata duk rigar da aka goge bayansa, shi ya sa tsumman nan yake da muhimmanci. In an ɗauke wuta, dutsen gawayi ma yana yi, har ya fi nauyin dannawa, illa dai a kula da tartsatsi da toka.

Akwai wata dabara da ke rage aiki. Atamfa tana da baki biyu na asali waɗanda ba sa warwarewa, inda ake buga sunan kamfani da lambar zane. Da yake an raba yadin ta tsawonsa, kowane falle ya gaji baki ɗaya. A sa wannan bakin ya zama na sama, wanda zai shige ƙarƙashin katifa, rubutun ya ɓuya, ba sai an yi masa kalmasa ba. Saura ƙasa da gefuna kawai.

Wajen maƙala labulen a gado, abin da ya fi dacewa shi ne Velcro, maɗaurin nan mai ƙara da ake gani a takalman yara. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa suke manne wa gashin karensa, kamar dai yadda ƙarangiya ke kama bakin zane. Ana manna ɓangaren mai kaushi a saman katakon da katifa ke zama, a manna mai laushin a jikin yadi, sai a haɗa su, katifa ta danne. Gam ɗin bayan Velcro yakan saki a zafin Tamale, saboda haka ba laifi a sa kafinta ya buga ɓangaren katakon da ƙananan ƙusoshi, a shafa da hannu a tabbata babu tsini. Abin da bai kamata ya kusanci gadon ba shi ne fil, da allura, da ƙusar allo mai faɗin kai. Abu ne da ke faɗuwa ba a sani ba, yaro kuma duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Masu son abin gida sukan duba saƙar arewa, wadda ake ɗinka fugu da ita, rigar da Kwame Nkrumah ya sa daren shelar 'yancin Ghana a watan Maris na 1957. Masaƙan Daboya, a bakin Farin Kogin Volta, sun yi suna wajen saƙa da rinin shuni, kuma ana samun kayansu a Tamale. Saƙar tana zuwa a sirara, faɗin kamar tafin hannu, kowace da bakinta biyu a kammale, don haka ana iya yanka su daidai tsayi a jera su gefe da gefe, a kalmashe ƙasan kowace da gam. Kyau kam akwai shi. Amma ta fi atamfa tsada da nauyi, shuninta yana zuba a wankin farko, kuma kaurinta yana sa gam ya yi wuyar kamawa. Mai son sauƙi ta tsaya a atamfa.

Hotunan da ake gani a waya suna nuna labulen yana jan ƙasa. A Tamale wannan kuskure ne. Garin yana da damina ɗaya, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin sauro da zazzaɓin cizonsa, sannan hunturu ya zo daga Disamba da ƙurar da ke shiga ko'ina, sai zafin Maris da Afrilu da yakan kai digiri 40. Kowane lokaci da abin da yake yi wa labule. Wanda ya taɓa ƙasa ya zama tsani ga kunama da cinnaka da kyankyaso, kuma yana shan ruwa duk sanda aka goge daɓe. A bar tazarar yatsa huɗu tsakaninsa da ƙasa, yadda tsintsiya za ta shiga. Duhun da yake yi a ƙarƙashin gado wuri ne da sauro ke son laɓewa da rana, don haka a riƙa ɗaga shi ana fitar da kaya ana sharewa. Da hunturu yana son wanki duk mako, a hannu, da ruwan sanyi, ba murza mai ƙarfi, domin kalmasar gam ba ta kai ta zare juriya ba. In ta saki a wani wuri, ɗan guntun gam da dutsen guga sun gyara. Da bazara kuwa, idan ɗaki ya yi zafi, a cire shi da dare iska ta ratsa.

Sai batun gidan sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Ghana ke bai wa masu ciki kyauta a wajen awo. Shi ne gaba da kowane ado. Dole ya rufe gadon ruf ba kafa, ya kuma yi nesa da fuskar yaro. A gadon da ake cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa, a fara maƙala labule, sannan gidan sauro ya biyo baya. Idan ya zamana ɗaya yana hana ɗaya zama, labulen ne zai haƙura.

Wani abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne ado ya tsaya a wajen gado. Mata da yawa, in sun ga labulen ya yi kyau, sai su so su zagaya cikin sandunan da katifar soso mai kala ɗaya, su ƙara filo da 'yar tsana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 1992 take ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rubda-ciki, kuma abin da take faɗa yanzu shi ne a kwantar da su rigingine a kan katifa mai tauri, da zanen gado da ya kama ta tsam, ba filo, ba bargo mai kauri, ba kayan wasa. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta haramta sayar da sosan da ake zagaya cikin gado da shi, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai ta hanyar toshewar numfashi. Irin waɗannan kayan har yanzu suna iya faɗowa cikin dilar gwanjo, kuma ganin su da tambarin Turai ba ya mayar da su lafiyayyu. Ƙungiyar ta kuma ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, abin da gidajen Tamale suke yi tun ba a rubuta ba. Mai ba kafinta aiki ta gaya masa tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6, kuma kada a samu ramin da ya fi yatsa biyu tsakanin katifa da jikin gado. Ta tambayi irin fentin da zai sa, ta bar gadon ya sha iska har warin ya fita.

Rashin ɗinki yana da wata riba da ta dace da al'adar wurin. A wajen Dagomba, matar da ta yi haihuwar fari takan koma gidan iyayenta bayan suna ta daɗe a can, Hausawa ma suna da wankan gida na kwana arba'in. Falle uku na atamfa ana ɓalle su a ninke a jaka, in gadon can ya fi wannan tsayi ko gajarta, sai a matsar da Velcro. Haka ma a gadon kanti da ake sauke katifarsa ƙasa lokacin da yaro ya fara zama, wajen wata shida, a ƙara saukewa in ya fara miƙewa: ba sai an yanke labulen ba, a dai ƙara tura samansa ƙarƙashin katifa.

Amfanin labulen ba ya wuce wata takwas ko tara. Da yaro ya fara rarrafe, labulen ne abu na farko da zai kama ya ja, kuma bayansa akwai fulas ɗin ruwan zafi da sabulu da magani. A lokacin sai a kwashe waɗannan kayan a kai sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a ɓalle labulen, a kankare Velcro daga katakon. Dogon fallen yana yin labulen kanta ko murfin akwati, gajerun biyun kuma a ajiye wa ƙani.