Lifidi Da Luru: Abin Kallo A Gidajen Tarihi Na Kano

Ma'aikata da ɗalibai da yawa suna wucewa ta ƙofar Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa safe da yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa su shiga. A wannan gida ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Shi da Gidan Makama na cikin birni su ne wuraren da ya kamata mai son sanin aikin hannun kakanninmu ya fara zuwa.

Abin da muke so mai karatu ya sa wa ido shi ne aikin allura, musamman lifidi. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kano. Yadda ake yinsa kuwa, akan shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi a tsakaninsu, sa'an nan a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Fuskar waje akan haɗa ta da guntayen ƙyalle ja da rawaya da shuɗi. Kaurinsa yana tare kibiya, amma yana da nauyi ƙwarai, har idan ɗan lifida ya faɗi da wuya ya tashi sai an taimake shi. Ga kuma tsoron wuta.

Ɗan'uwan lifidi a cikin ɗaki shi ne luru, mayafin hunturu. Masaƙi yakan saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, a haɗa da allura, a yi masa ado da zaren da ya sha baba a karofi irin na Ƙofar Mata. Duk wanda ya samu tsohon luru, to, ya dubi bakin haɗin da kyau. A nan ake gane gwani, domin zanen wannan ƙwarya dole ya dace da na waccan.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane darajar irin wannan aiki. A Amurka, Jami'ar Nebraska tana da gidan tarihi sukutum na barguna masu ɗinkin haɗe-haɗe. A 2002 kuma an baje bargunan da matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend suka ɗinka da tsofaffin tufafi, a manyan gidajen kallo na Houston da New York, jama'a suka yi ta tururuwa.

Mu namu baje-kolin a kan doki yake. Duk shekarar da aka yi Hawan Nassarawa, 'yan lifida sukan ratso ta nan, sai mutum ya ga sabon ɗinki ya gwada shi da na da. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

To, amma fa ƙyalle ba dutse ba ne. Gara da asu da danshin damina suna cinsa, masu sana'ar kuma suna tsufa, yara ba su cika zama su koya ba. Saboda haka muna kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai gidajen nan biyu. Wanda kuma yake da tsohon luru ko lifidi a adaka, ya fito da shi ya sha iska, ya tambayi dattawan gida wa ya ɗinka, a wace unguwa, a zamanin wane sarki, ya rubuta ya ajiye tun masu amsar suna raye. Allah ya sa mu dace.