Kujerar Aski Ta Ɗaga Mota

A shekarun 1920, bakanike a Amurka idan zai duba cikin mota rami yake shiga, irin wanda ake gani a wuraren juyen baƙin mai a bakin titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa Kankia. Ramin ga duhu, ga zafi, ga mai yana ɗiga a fuska. Wanda ba shi da rami kuwa, sai ya kwanta rigingine a ƙasa.

Peter Lunati bakanike ne a birnin Memfis na jihar Tenesi. Wata rana yana shagon aski ya lura da yadda mai askin ke danna wani ƙarfe, kujera ta tashi da ƙaton mutum a kanta ba tare da wani nishi ba. Sai ya ce a ransa, abin da ya ɗaga mutum me zai hana shi ɗaga mota? Ya kafa turken ƙarfe guda a cikin ƙasa, mai na tura shi sama, mota na zaune a kansa. A 1925 ya karɓi takardar mallakar fasahar, kamfanin Rotary kuma ya samo asali daga nan.

Sunan ma, wato mai juyawa, da dalilinsa. Motocin lokacin ba su da daɗin ribas, don haka ya yi turken yana juyawa. A hau da mota ta gaba, a gama aiki, a juya ta ta fuskanci ƙofa, direba ya fita ta gaba abinsa.

Sai dai dabarar man ta girmi kakan Lunati. Tun ƙarni na 17 Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana cewa ruwan da aka rufe ba ya matsuwa, duk inda ka danna shi ƙarfin zai bazu ko'ina daidai wa daida. Idan girman fuskar babban fistin ya ninka na ƙarami sau 10, ƙarfin hannunka zai ninku sau 10, amma sai ka yi ta bugawa kafin ya ɗan motsa. Shi ya sa yaron gareji yake ta lilo da hannun jak, tifa kuma tana tashi a hankali.

Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa mai aiki da ruwa a Landan a 1795, kuma abin da ya fi ba shi wahala shi ne yoyo. Maganin da aka samu wani zoben fata ne, wanda ake danganta shi da ma'aikacinsa Henry Maudslay: duk yadda matsi ya ƙaru, sai fatar ta ƙara manne wa bango. Shi ne kakan sil ɗin roba da idan ya mutu, jak ke saukowa da kansa mutum na ƙarƙashin mota. Jak ɗin da ake ɗauka a hannu kuwa, Richard Dudgeon ya yi rajistarsa a Niyok a 1851.

Duk takardun nan sun daɗe da ƙarewa, a Najeriya ma shekara 20 doka ta ba irinsu. Mai walda a Kankia ko Kusada zai iya ƙera turken Lunati bai nemi izinin kowa ba. Amma famfonsa na son wuta ko janareta, rami kuwa diga da shebur da ɗan siminti kawai yake ci.