Alkaki, Dubulan da Samosa: Yadda Zaƙin Fada Ya Sauko Garar Amarya a Ƙasar Gumel

Ana saura kwana uku a kai gara, gidan iyayen amarya a Maigatari ba ya rabuwa da hayaƙi. Wata tana murza kwaɓin alkama tana naɗewa, wata tana tsame wanda ya soyu tana tsomawa a ruwan sukarin da aka dafa da tsamiya. Can gefe 'yan mata biyu suna luguden nakiya, ƙamshin kanumfari da man shanu ya kai har ƙofar gida. In an gama sai a jera komai a bokitai da fanteka, dangin ango su zo su gani, su kuma yi magana.

Abin mamakin shi ne, ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce, ta gero da dawa da wake da riɗi. Alkama da rake ba amfanin tudunta ba ne. To yaya aka yi kayan da ake auna mutuncin gida da su ranar biki suka zama na alkama da sukari?

Sunayen da kansu sun ba da rabin amsa. Alkama, alkaki, alkubus, gurasa, alewa da sukari duk kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci. A Libiya har yau akwai wani soye da ake kira dibla, wanda ake naɗewa a soya a tsoma a ruwan zaƙi, kamar dai dubulan ɗinmu.

Irin wannan tafiyar ta abinci ta faru a Indiya, kuma a can an rubuta labarinta. A 1526 Babur, wanda ya fito daga tsakiyar Asiya, ya ci yaƙin Panipat ya kafa daular Mugal. Fadar jikokinsa ta haɗa girkin Farisa na nama da shinkafa da za'afaran da ruwan wardi da kayan yajin Indiya da madararta. Littafin Ain-i-Akbari, wanda Abul Fazl ya rubuta wajajen 1590 kan mulkin Sarki Akbar, ya lissafa abincin fada har da ma'aunin kayan haɗi, ciki kuwa da halwa da sanbusa. Halwar nan da alewarmu uwarsu ɗaya a Larabci. Biryani da korma da kulfi da ake dangantawa da girkin Mugal sun fita daga fada ne sannu a hankali, ta hannun kukun da suka koma gidajen sarakunan Lucknow da Hyderabad bayan daular ta raunana, daga nan suka faɗa kasuwa.

A ƙasar Hausa raƙumi ne ya yi jigilar. Ayarin fatake yakan taso daga Tarabulus ya biyo Gadamas da Gat da Agadas, ya sauka Damagaram, sannan Kano. Larabawan da suka zauna a Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, sun zo da cimarsu, kuma gidajen sarauta da na attajirai ne suka fara ɗauka, domin su ke da halin sayen alkamar lambu da zuma da sukarin da ya ƙetaro Sahara. Gumel ba ta kasance a bayan fage ba. Masarautar Mangawa ce mai bin Borno a lokacin, a kan hanyar Kano zuwa Kukawa, ga Damagaram a arewa da ita. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851, ya tarar da ita babbar matattarar cinikin kanwa. Inda fatake ke yada zango, can girkinsu ke barin sawu.

Sai dai ayari ya kawo ɗanɗano ne kawai. Abin da ya saukar da shi gidan talaka shi ne arha. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kasuwancin Sahara ya durƙushe, kaya suka koma zuwa ta teku. Da layin dogo ya miƙa zuwa Nguru wajajen 1930, ya bi ta Gagarawa, sukarin kwali da fulawa suka matso kusa. Zamanin kuɗin man fetur ya ƙarasa aikin: fulawar kamfani da buhun sukari suka cika kanti, zuma da mazarƙwaila suka ja baya. Abin da a da sai gidan sarki, ya zama wajibin kowace amarya.

Amfanin farko ya faɗa hannun mata. A Gumel da Sule Tankarkar da Maigatari akwai matan da sana'arsu ke nan, a ba su kwangilar gara su yi daga cikin gida, su sallami masu taya su daka da suya. Kayan kuma suna jure zafi. Nakiyar da aka daka da kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake yi wa maijego da matafiyi guzurinta.

Nauyin kuwa yana kan uban amarya. Gara ba sharaɗin aure ba ce a Musulunci, malamai sun sha faɗa, amma gori ya fi wa'azi ƙarfi a tsakar gida. Mutum yakan kai akuya ko tunkiya kasuwar Maigatari ranar Alhamis don kada a ce 'yarsa ta zo hannu rabbana. Tun da aka cire tallafin man fetur aka saki darajar naira a 2023, fulawa da sukari da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi, domin akasarin alkama da ɗanyen sukarin da Najeriya ke sarrafawa daga waje ake shigo da su. Rufe iyaka da Nijar a watan Agustan 2023, wanda ya kai har Maris 2024, ya rage cinikin dabbobin da magidanta ke dogaro da shi. Ga kuma ciwon sukari, wanda likitoci ke ta jan kunne a kansa, alhali zaƙin da a da ake gani sai biki ko salla yanzu yana kan tire a bakin kowace makaranta.

Martanin jama'a ya rabu. Wasu gidajen sun rage yawan bokitai, wasu suna ba ango kuɗi ko ɗanyen abinci a madadin soye-soye. Wasu matan sun waiwayi kantun riɗi da alewar gyaɗa, waɗanda riɗinsu da gyaɗarsu ke fitowa daga gonakin yankin. Noman alkamar rani da gwamnati ke ƙarfafawa a kwarin Haɗejiya ya sa masu alkaki suna samun tsabar gida kusa da su, ko da yake sukarin har yanzu na kamfani ne.

Baƙon baya-bayan nan a farantin shi ne samosa. Ibn Battuta ya ambaci sambusak a teburin Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluq tun ƙarni na 14, kafin zuwan Mugal. Yau 'yan matan Gumel suna koyon naɗe ta a bidiyon waya, suna cusa mata niƙaƙƙen nama da attaruhu da albasa, kuma a watan azumi tana zama faranti ɗaya da ƙosai da kunun tsamiya lokacin buɗa-baki.