Garantin Mota Ta Hannu: Karanta Kafin Ka Biya

Hirarmu ta yau a kan sayen mota take.

Ɗan'uwa, wataƙila ka sayar da albasarka ta fadamar Tarka ko ta Majiya, ko ka komo daga bida a Abijan da ɗan abin hannunka. Kana so ka sayi mota ta hannu, ka riƙa jigila tsakanin Madawa, Buza da Keita. Dillali ya ce maka: "Wannan tana da garantin kamfani, sai ka ƙara jika ɗari." Dakata tukuna. Kada ka ƙara ko dala sai ka san abin da kake saye.

Mene ne garanti? Alkawari ne a rubuce. Kamfanin da ya ƙera mota ya ce in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, zai gyara kyauta. Garanti daban, inshora daban. Kuma alkawarin yana da iyaka huɗu.

Ta farko, lokaci. Ana fara ƙidaya tun ranar da mai ita na farko ya karɓe ta sabuwa, ba ranar da kai ka saya ba. A ƙasashen Turai, garantin Toyota na asali shekara 3 ne, na Kia shekara 7.

Ta biyu, tafiya. Toyota ta ce shekara 3 ko kilomita 100,000. Kia ta ce shekara 7 ko kilomita 150,000. Wanda ya riga cika, shi ke kashe alkawarin.

Ta uku, wuri. Galibi garanti yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar. Wadda aka saya a Amurka ko Faransa, kada ka sa rai wakilin kamfani a Yamai zai gyara ta kyauta.

Ta huɗu, irin ɓarnar. Garanti ba ya biyan abin da aiki ke cinyewa, kamar taya, takalmin birki da kuloci. Ba ya biyan haɗari. Ba ya biyan ɓarnar lodi fiye da kima, ko ta gurɓataccen man kwalba. In dutsen hanyar Adar ya fasa maka tanki, aljihunka zai biya.

Yanzu mu dubi motocin da ke zuwa mana. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano suke sauka, su biyo ta Gaya, shi ya sa ake ce musu ƴan Kwatano. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya saye. Binciken da ƙasar Holan ta yi a kan waɗanda take fitarwa ya nuna yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20.

Ɗauki alli mu yi lissafi. A ce mota ta fara aiki a 2012, garantinta shekara 3. 2012 a tara da 3, ya zama 2015. Ka ga alkawarin ya mutu tun 2015, tun kafin motar ta shiga jirgin ruwa.

To, yaushe garanti ke da amfani? In an sayi motar sabuwa nan gida wurin wakilin kamfani, kamar CFAO mai sayar da Toyota a Yamai, kuma shekarunta da kilomitanta ba su cika ba. A yawancin kamfanoni sauran kwanakin garanti motar suke bi, ko ta canza hannu. Amma sai da littafin kulawa, mai hatimin gareji na kowane juyen baƙin mai. Ko a nan ma yi tunani: daga Buza ko Keita zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Tambayi wanda zai biya kuɗin jan motar.

Ga abin da za ka yi ranar ciniki:

1. Karɓi takardar motar, wato kart-giris, ka karanta ranar da ta fara aiki.
2. Lambar shasi baƙaƙe ne da lambobi guda 17. Gwada ta takarda da ta jikin mota, ɗaya bayan ɗaya.
3. Kada ka dogara da agogon kilomita kaɗai, ana iya mai da shi baya.
4. Je da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. Ku tayar da injin da sanyin safiya, ku hau tudu da ita, ku leƙa ƙarƙashinta.
5. In mai sayarwa ya ɗauki alkawari nasa na kansa, a rubuta: wane ɓangare, kwana nawa, wa zai biya. Ku sa hannu gaban shaidu biyu.

Kuɗin da za ka ƙara don garantin da ya mutu, gara ka ba makaniki ladansa, ka ajiye saura don gyara. Da can sai an karanta maka takarda, ka yarda da abin da aka ce. Yau kai ne za ka karanta da idonka.

Tambaya don ajinku: mota ta fara aiki a 2016, garantinta shekara 7. Wace shekara ya ƙare? Kowa ya rubuta amsa, ya nuna wa malami.

Sai sati mai zuwa. Mu kwana lafiya.