Tafkin Kalmalo Da Makomar Masuntan Illela

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya nufi arewa, ya wuce Kware, ya wuce Gwadabawa, kafin ya cika kilomita 100 zai iske kansa a Illela, inda ƙasar Nijeriya ta ƙare, ta Jumhuriyar Nijar ta soma. Daga nan zuwa Birnin Konni ba wata tafiya ba ce, mai babur yakan je ya komo kafin a sauke tukunya. Abin da aka fi sanin Illela da shi kuwa shi ne kasuwarta ta ran Lahadi, wadda shanu da raƙuma da tumaki ke cika ta daga ƙasashen Adar da Azbin, fatake kuma su kwasa su yi kudu da su. Saboda haka in an ce Illela, ba safai maganar kifi ke faɗo wa mutum a rai ba.

Amma yamma da garin, tafiya kaɗan, akwai Tafkin Kalmalo, wanda shekaru aru-aru ya ciyad da masunta da manoman rani da makiyaya. Ruwansa ba daga ƙasar Nijeriya yake fitowa ba. Wani kwari ne mai suna Majiya yake tattaro ruwan damina daga duwatsun Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, ya gangaro da shi ta kusa da Birnin Konni, ya tsallake iyaka, ya zuba a Kalmalo. Majiya ba kogi ba ne mai gudu rani da damina. 'Yan watannin damina kaɗai yake kawo ruwa, abin da ya kawo ɗin nan kuwa shi tafkin zai riƙe har wata daminar ta kewayo.

Kifayen irin waɗannan tafkuna sanannu ne: tarwaɗa, da karfasa, da gaiwa wadda kan shige cikin taɓo in ruwa ya janye, ta yi wa kanta ɗaki ta kwanta har ruwa ya komo. Kayan aikin masunta su ma sanannu ne, watau koma, wadda mutanen yamma ke kira homa, da birgi, da taru, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, da gora wadda masunci kan hau ya yi iyo, ya kuma zuba abin da ya kama a cikinta. Wanda aka kama a sayar da wani ɗanye, saura a yi banda a kai kasuwa. A wannan ƙasa su sana'a ce ta gado, kamar ƙira ko jima, tana da shugabanta, Sarkin Ruwa, tana da ka'idodinta. Magidanci ba ya shiga ruwa don sha'awa kawai. Fatsa ta yara ce, su ma in sun samu ɗan abin da suka samu, tukunya ake kai shi.

Wurin da ya fi shahara da su na wasa da gasa a ƙasar Hausa shi ne Argungu, wadda ke cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Kebbi. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa bikin su don girmamawa, bayan doguwar gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. Daga nan bikin ya kahu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta kan faɗa ruwan Matan Fada a lokaci guda, kowa da homarsa da gorarsa, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani. Kifin da ya ci gasar 2005 nauyinsa kilo 75 ne. Abin lura a nan shi ne, ba don an hana su a wannan wuri sauran watannin shekara ba, da ba a sami irin wannan kifi ba. Ashe tun kafin zuwan malaman kimiyya Sarkawa sun san rufe ruwa da buɗe shi. Sai dai fa ruwan da yake akwai shi ake rufewa, wannan kuwa ita ce matsalar Kalmalo.

Abubuwa biyu suka haɗu a kan tafkin. Na farko fari ne, wanda ya auka wa ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, ya sake komowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Na biyu kuwa aikin hannun ɗan Adam ne. Bayan yunwar da farin farko ya jawo, Gwamnatin Nijar ta ƙudura niyyar ba za ta sake dogara ga damina kaɗai ba, sai ta gina madatsun ruwa biyu a kan Majiya, ɗaya a Mozage, ɗaya a Zango, domin shayar da gandun noman rani na Konni, mai faɗin fiye da hekta 2,000, wanda aka shimfiɗa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. Ruwan da a da yakan wuce kai tsaye zuwa Kalmalo, yanzu sai madatsun sun ƙoshi tukuna ake sakin saura. Shekarar da aka yi ruwa da yawa tafkin yakan farfaɗo, shekarar da aka yi ƙaranci kuwa sai ya tsuke, wani lokaci ya ƙafe ƙaf. Aikin noman rani da aka kafa a gefen Kalmalo shi ma ya sha wuya tare da masuntan.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mutanen ƙetare laifi a nan. Manoman da ke shayar da albasa da alkama da ruwan Mozage Hausawa ne, 'yan'uwan mutanen Illela ne na jini da na aure, da yawansu ma kasuwar Lahadi suke ci. Wanda ya ga yunwar 1973 da idonsa ba za a ce ya yi ɓarna don ya tare ruwa ba. Su kansu madatsun yashi da laka suna ta cike su shekara da shekaru, ga zaizayar ƙasa da sare itatuwa sun sa kwarin ya riƙa kawo ƙasa maimakon ruwa. Watau dai tuwon ne ya yi kaɗan, masu ci kuma suka ƙaru.

Mai karatu zai yi mamaki in aka ce masa wannan magana tana da 'yar'uwa a can gaɓar tekun Pasifik, yamma da Amurka da Kanada, wurin mutanen da ke su don nishaɗi kawai. Amma yana da kyau a dubi yadda tasu take, domin su ma rigimarsu ta kogi ce, da madatsa, da iyakar ƙasa.

Kifin da suke nema ana kiransa samon. Halittarsa abin al'ajabi ce. A cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekaru a ruwan gishiri yana girma, sa'an nan ya juyo ya hau kogi, yana tsallake duwatsu yana yaƙi da igiyar ruwa, har ya kai ƙoramar da aka haife shi, ya zuba ƙwai. Irin na Pasifik daga nan sai ya mutu. Mafi girma cikinsu shi ne wanda suke kira Cinuk, an taɓa kama wani da ƙugiya a kogin Kenai na Alaska a 1985 mai nauyin kilo 44, watau bai kai kifin Argungu ba, amma a wurinsu abin a buga a jarida ne.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan tashi da asuba ran hutu, ya shiga jirginsa mai inji, ko ya biya kuɗi a ɗauke shi cikin na haya tare da waɗansu, su fita teku. Ba raga suke jefawa ba. Kowa da sandar fatsarsa mai igiya doguwa. Jirgin yakan riƙa tafiya sannu sannu, kamar tafiyar mutum a ƙasa, yana jan ƙugiyoyin a baya, an ɗaura musu ƙaramin kifi ko wani ɗan ƙarfe mai walƙiya wanda ke juyi cikin ruwa kamar kifin da ya ji rauni. Da yake samon a zurfi yake kiwo, sai su saukar da wani dunƙulen darma mai nauyi a kan waya, ya ja igiyar zuwa zurfin da ake so, in kifi ya cafka igiyar ta kuɓuce daga darmar, a shiga ja-in-ja tsakanin mutum da kifi. Wannan ja-in-ja ɗin shi ne abin da suka biya kuɗi dominsa, gama kuɗin mai da na kaya sau da yawa sun fi kuɗin kifin. Wani abin dariya kuma, ƙaramin kifin da suke sa wa ƙugiya dangin wanda ake kawowa Nijeriya ne cikin ƙanƙara daga tekunan Turai, ana sayar wa jama'a su yi miya.

To, amma wasan nan dokoki sun kewaye shi ta ko'ina. Ba mai fita sai da lasin. A wurare da yawa kifi biyu kaɗai aka yarda mutum ya riƙe a yini, wanda bai kai tsawon da aka ƙayyade ba kuwa a mai da shi ruwa. Ƙugiyar ma sai marar ƙaya, don a iya zare ta ba tare da an kashe kifin ba. Kifayen da aka ƙyanƙyashe a gidajen kiwo na hukuma akan yanke musu wani ɗan fiffike na kusa da wutsiya tun suna ƙanana, domin masunci ya bambanta su da na daji, a waɗansu ruwaye na dajin sakinsa ake yi. A bakin gaɓa kuma ma'aikata suna tsaye suna ƙidaya abin da aka kamo, da wannan lissafi ne ake yanke yawan kwanakin da za a buɗe ruwa baɗi.

Duk da wannan tsari, abin da aka yi wa koguna ya fi ƙarfin ƙidayar bakin gaɓa. Madatsar Grand Coulee da aka gama a kan kogin Kolombiya a 1942 ba a yi mata hanyar da kifi zai hau ba, sai ta raba samon da ƙoramun haihuwarsa masu tsawon fiye da mil 1,000. A jihar Kalifoniya, fari da ɗibar ruwan kogin Sakramento don noman rani sun rage kifin har aka rufe sunsa a teku baki ɗaya a 2023 da 2024, na sana'a da na nishaɗi duka. Mutum yana cikin jirginsa a tsakiyar teku, amma mai riƙe da makullin madatsa a can cikin tudu shi ke yanke masa hukunci. Masuncin Kalmalo ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Inda suka sha bamban da nan shi ne abin da suka yi a kai. Da yake kifin da aka haifa a kogunan Kanada masuntan Amurka na kama shi, na Amurka kuma na Kanada na kamawa, ƙasashen biyu sun daɗe suna cacar baki, har suka sa hannu a kan yarjejeniya a 1985, suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai zama a birnin Bankuba. Aikinta ƙidaya ne da rabo: nawa suka shigo, nawa kowa zai ɗiba, nawa za a bari su wuce su haihu. Ba a daina saɓani ba, amma saɓanin a kan alƙaluma ake yinsa. Har ila yau, a 2024 aka gama rushe madatsu huɗu a kan kogin Klamath, bayan shekaru da ƙabilun asalin ƙasar da masunta suka yi suna matsa lamba, cikin watan Oktoba na shekarar kuwa aka ga samon a saman kogin, inda rabon da a gan shi ya fi shekara 100.

Ba wanda zai ce a rushe Mozage, zama bakin dubban mutane na kanta. Abin da ya dace da Kalmalo shi ne ɗaya darasin, na ƙidaya da rabo, takardarsa ma tana nan a rubuce. Tun 1971 Nijeriya da Nijar suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa mai hedkwata a Yamai, a 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Majiya da Lamido, da Gada da Gulbin Maraɗi, da Tagwai da El Fadama, da Komadugu Yobe. Wani abin da ya kamata ya sauƙaƙa sulhu shi ne, kowace ƙasa tana sama a wani wuri, tana ƙasa a wani. In Nijar ce ke riƙe da kan Majiya, to, Nijeriya ce ke riƙe da kan Gulbin Maraɗi da madatsar Jibiya ta Jihar Katsina, manoman Maraɗi kuwa suna da irin kukan da masuntan Illela ke yi. Sai dai aiki da yarjejeniyar ya yi tafiyar hawainiya. Takarda ba ta cika tafki, sai an kafa ma'aunin ruwa a inda kwarin ya tsallake iyaka, an riƙa rubuta abin da ya wuce kowace damina, an kuma amince da wani kaso da za a saki ko da shekara ta yi ƙaranci, sa'an nan a yashe lakar da ta cike tafkin da madatsun duka biyu.

Siyasa ma ba ta taimaka ba. An rufe iyakar Illela daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris 2024. A watan Afrilu 2025 Ministan Harkokin Waje na Nijeriya, Alhaji Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince za a farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa. Maganar tsaro da ciniki da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi su suka fi ɗaukar hankali, ba kuwa laifi. Ya rage ga Gwamnatin Jihar Sakkwato, da Ƙaramar Hukumar Illela, da hakimai da sarakunan ruwa na ɓangarorin biyu, su tabbata ranar da hukumar ta zauna an sa ruwan Majiya cikin abubuwan da za a tattauna, an kuma kira masunci ya faɗi nasa da bakinsa.