AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wa ke cin ribar tabar wiwi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Gummi ya aiko yana cewa, ya ji wasu ƙasashen Afirka sun halatta noman tabar wiwi, alhali a nan ana ɗaure samari a kanta. Yana so ya san yaushe aka hana ta a Nijeriya, kuma wa ke cin ribarta. Mun sami irin wannan tambaya daga Anka da Bukkuyum.

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya. Doka mai tsanani a kan wiwi ta fito ne a 1966, zamanin mulkin Janar Ironsi. Dokar ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta. A 1975 aka sassauta hukuncin, sannan a 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Amma duk da haka, binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan.

To ina kuɗin ke tafiya? Akasarin wiwin da ake sha a Arewa, a dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Osun da Delta ake noma ta, a ɓoye ta cikin kaya, a yo Arewa da ita. Manomi kaɗan yake samu. Da yake haramtacciya ce, duk shingen da ta tsallake sai kuɗinta ya ƙaru, saboda haka babban rabo na dillali ne da mai mota da wanda ya kau da kai a hanya. Wanda aka fi kamawa kuwa shi ne yaron da aka samu da ƙulli ɗaya a aljihu.

Ku mutanen Anka da Bukkuyum kun ga irin wannan a harkar zinariya. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Haƙar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma hannun masu bindiga da masu ɗaure musu gindi. Haka wiwi da ƙwayoyi suke cikin kayan da ake kai wa 'yan bindiga daji.

Game da ƙasashen da suka halatta, Lesotho ce ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Zimbabuwe ta bi a 2018, Maroko a 2021. Amma ka lura, ba shan ta a titi suka halatta ba. Kuma a Lesotho lasisin ya yi tsadar da ƙaramin manomi bai iya saye, manyan kamfanoni masu jarin waje suka kwashe.

A nan gida, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya nemi a yarda da noman ta don magani a 2019. Janar Buba Marwa, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a 2021, ya ƙi amincewa, yana duban yawan masu shaye-shaye. Har yanzu haramun ce a dokar Nijeriya, kuma malamai sun sa ta cikin kayan maye.

Saboda haka Malam, ko an hana ko an halatta, abin tambaya shi ne hannun wa kuɗin ke faɗawa, kuma ɗan wa ke shan wahala. Kama masu ƙulli kaɗai ba zai wadatar ba, muddin ba a bi sawun dillalai ba, ba a kuma samar wa samari sana'a da wurin jinya ba.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Gummi.