500 Words: Gasar gajerun labarai da ake biyan yara da tulin littattafai daidai tsayin Sarauniya

A ƙarshen watan Fabrairun 2020 aka rufe karɓar labarai a gasar rubutu ta yara mafi girma a Birtaniya. A lokacin makarantun ƙasar na buɗe, ba a saka dokar kulle ba, kuma a makon ne Najeriya ta tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Legas.

Yara sama da 134,000 ne suka aika labaransu a shekarar. Da masu haɗa ƙamus na maɗaba'ar Jami'ar Oxford suka zuba labaran a kwamfuta, sai suka tarar kalmar coronavirus ta fito sau 459. Yara 'yan firamare sun riga sun saka cutar cikin ƙagaggun labaransu makonni kafin gwamnatinsu ta ce kowa ya zauna a gida.

Sunan gasar 500 Words, wato kalmomi 500. Mai gabatar da shirin safe na gidan rediyon BBC Radio 2 na wancan lokaci, Chris Evans, ne ya ƙirƙiro ta a 2011. Sharaɗinta ba shi da yawa: yaro mazaunin Birtaniya ya ƙago labari da kansa, kada ya wuce kalmomi 500, iyayensa ko malaminsa su tura ta intanet. Ba a biyan ko sisi wajen shiga. Daga 2011 zuwa yau an aika labarai fiye da miliyan ɗaya.

Kalmomi 500 ba su da yawa. Idan aka karanta su a bayyane, cikin minti huɗu an gama, abin da ya dace da rediyo. Ya kuma dace da ɗan shekara takwas, wanda idan aka ce ya cika shafi biyar zai ajiye biro ya fita wasa.

Babu jan biro

Abin da ya bambanta gasar da aikin aji shi ne abin da alƙalanta suka kawar da kai a kansa. Ba a duba kuskuren haɗa baƙi, ba a duba nahawu, ba a duba aya ko waƙafi. Yaro zai iya rubuta kalma ɗaya ta hanya uku a labari guda, kuma makinsa ba zai ragu ba.

Abubuwa biyar ake aunawa: sabuntar tunanin, yadda aka tsara zubin labarin, yadda aka gina taurarinsa, yadda aka sarrafa harshe, da kuma ko mai karatu ya ji daɗinsa.

Duk wanda ya taɓa karɓar littafin insha'insa daga hannun malami ya tarar jan biro ya cinye shafin, ya san nauyin wannan sharaɗi. Yaron da ya saba da haka yakan koyi dabarar tsira: ya riƙa amfani da kalmomin da ya tabbatar ya iya rubutawa kaɗai, ya gajarta jimla, ya guji duk wani tunani da zai kai shi inda bai san haruffan ba. A ƙarshe sai a samu rubutu mai tsafta amma babu komai a ciki.

Akwai malaman da ba za su ji daɗin wannan ba, kuma suna da hujja, domin a ranar jarrabawa babu mai ɗaga wa yaro ƙafa kan ƙa'idojin rubutu. Sai dai gasar ba ta ce a daina koyar da su ba. Ta dai raba aiki biyu da aka saba cuɗawa. Gyaran haruffa aiki ne na shekaru, ana yi a aji kowace rana. Sha'awar ba da labari kuwa, idan aka kashe ta tun yaro yana aji uku, da wuya ta dawo. Wanda ya fi cin gajiyar sharaɗin shi ne yaro mai lalurar da ke sa haruffa su riƙa rikice masa, da wanda Turanci ba shi ne harshen da ake yi a gidansu ba.

Wa ke karanta labari dubu ɗari?

A zagayen farko, dubban malaman makaranta da ma'aikatan ɗakunan karatu ne ke sa kai, kowa a tura masa kasonsa ya karanta ya ba da maki. Daga nan ƙungiyar The Reading Agency, mai aikin yaɗa karatu, ta tace waɗanda suka tsallake har a rage su zuwa kusan 50. Sai su isa hannun manyan alƙalai, waɗanda suka haɗa da fitattun marubutan littattafan yara na ƙasar: Malorie Blackman da Frank Cottrell-Boyce da Francesca Simon da Charlie Higson.

Mutum shida ke yin nasara, uku a rukunin ƙanana, uku a rukunin manya. Ba kuɗi ake ba su ba. A shekarun farko, wanda ya zo na ɗaya ana jera masa littattafai ne har su kai tsayin Chris Evans, mutumin da ya haura ƙafa shida, sannan a kai wa makarantarsa wasu littattafan 500. A wancan lokacin, na uku yana samun littattafai daidai tsayinsa shi kansa, wanda hakan ke nufin dogon yaro ya fi gajere morewa. Na biyu kuma daga baya aka riƙa auna nasa da tsayin Camilla, matar Yarima Charles, wadda ta zama Sarauniya bayan mijinta ya hau karaga a 2022.

Ita Camilla ta daɗe tana mara wa gasar baya, kuma shi ya sa bikin ƙarshe ya riƙa zagaya manyan gine-ginen masarautar: Fadar St James a 2015, Hasumiyar Landan a 2017, Fadar Windsor a 2019. A wajen bikin, fitattun 'yan wasan kwaikwayo ne ke karanta labaran da suka yi nasara, yaron da ya rubuta yana zaune yana jin kalmominsa daga bakin wanda ya saba gani a talabijin.

Abin da manya ke faɗa, yara na ji

Babbar ribar gasar ba ta cikin shirin farko. Maɗaba'ar Oxford na tattara duk labaran da aka aiko, har da waɗanda suka faɗi tun zagayen farko, tana zuba su cikin wani rumbun kalmomin yara da take amfani da shi wajen haɗa ƙamus na 'yan makaranta. Daga nan ne ta fara fitar da abin da take kira kalmar yara ta shekara, wato kalmar da amfani da ita ya yi tashin gwauron zabi.

A 2014 kalmar ita ce minion, sunan wasu 'yan ƙananan halittu masu launin rawaya na fim ɗin katun. A 2015 hashtag ce, alamar nan ta # da ake sakawa a shafukan sada zumunta, wadda yaran da shekarunsu ba su ma kai na buɗe shafi ba suka riƙa cusawa a ƙarshen jimla don ƙara mata armashi. Zuwa nan babu abin mamaki, harkar yara ce.

A 2016 ne abin ya sauya. Cikin labarai sama da 123,000 da aka aiko, kalmar da ta yi fice ita ce refugee, wato ɗan gudun hijira. Watanni kaɗan kafin buɗe gasar, duniya ta ga hoton gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya a gaɓar tekun Turkiyya, kuma tashoshin labarai sun cika da kwale-kwalen da ke tsallaka Bahar Rum. Babu wanda ya ba yaran wannan maudu'i. Su suka ɗauko shi, kuma da yawansu sun rubuta labarin ne daga bakin yaro tsaransu da aka raba da gidansu.

Haka aka ci gaba. A 2017 sunan Trump ne, wanda yaran suka riƙa lanƙwasawa suna raɗa wa dodanni da miyagun sarakunan labaransu. A 2018 plastic ce, wato leda da roba, bayan shirin Blue Planet II na David Attenborough ya nuna yadda sharar roba ke kashe halittun teku. A 2019 Brexit ce, rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da ya hana majalisar ƙasar sakat. Sai korona a 2020.

Idan aka jera su, za a ga kamar kanun labaran shekarun ne. Iyaye da dama na ɗauka cewa idan suna sauraron labarai ko suna muhawarar siyasa a falo, yaron da ke kwance a ƙasa yana zane ba ya tare da su. Labaran sun nuna yana tare da su, kuma idan ba a yi masa bayani ba zai yi wa kansa, da dodo da mayya da jirgin sama jannati.

Inda gizo ke saƙa

Gasar ba ta rasa matsaloli ba. Na farko shi ne hannun manya. Tunda iyaye ko malamai ne ke turawa, babu mai iya rantsewa cewa wata uwa ba ta gyara sakin layi ba, ko wani uba bai ba da ƙarshen labarin ba. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya zuba kalmomi 500 cikin daƙiƙoƙi. A nan ma sharaɗin ƙin duba kurakurai na da amfani ta wata fuskar: labarin da ya fito sumul babu ko tangarɗa daga hannun ɗan shekara bakwai, shi ne ya fi jawo zargi.

Na biyu, gasar ta taɓa tsayawa. Bayan 2020 an shafe shekaru ba a yi ta ba, sai a Satumban 2023 BBC ta dawo da ita, wannan karon tare da shirinta na safe a talabijin, aka kuma ƙara ɗan wasan barkwanci Lenny Henry cikin alƙalai. An samu labarai kusan 44,000, abin da bai kai rabin na shekarun ganiyarta ba. An yi bikin ƙarshe a Fadar Buckingham a farkon 2024.

Da dawowar aka sauya rukunan shekaru. A da ana karɓar yara har zuwa 13. Yanzu rukunan su ne 5 zuwa 7, da 8 zuwa 11. BBC na da wata gasar ta matasa, Young Writers' Award, da take yi tare da Jami'ar Cambridge, amma ta 'yan 14 zuwa 18 ce, kuma kalmomi 1,000. Ke nan ɗan shekara 12 da 13 ya faɗa tsakiya, alhali a daidai wannan shekarun ne yara da dama ke ajiye littafi su ɗauki waya.

Alƙaluman ma ba su da daɗi. Binciken ƙungiyar National Literacy Trust na 2024 ya nuna kashi 34.6 cikin ɗari ne kawai na 'yan shekara 8 zuwa 18 a Birtaniya suka ce suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu, mafi ƙaranci a lokacin tun da aka fara tambayar a 2005. Masu jin daɗin rubutu ba su kai kashi 30 ba. Gasa ta sau ɗaya a shekara ba ta hana wannan faɗuwa ba.

Yaron Kano fa?

Ba zai iya shiga 500 Words ba, ta mazauna Birtaniya ce. Ƙofar da ke buɗe masa ita ce gasar rubutu ta ƙungiyar Commonwealth, wadda aka fara tun 1883, take karɓar rubutu daga 'yan shekara 18 zuwa ƙasa a ƙasashen ƙungiyar, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru. Nijar da Chadi ba sa ciki. Kuma da Turanci ake rubutawa.

Gasa ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa. Ƙagaggun labaran Hausa na boko ta nan suka fara: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ma kai shi ba. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara Hikayata, wadda ta fito da sunayen marubuta mata daga Najeriya da Nijar. Sai dai Hikayata ta mata ce zalla, kuma a shekarun baya-bayan nan ta 'yan 18 zuwa 35 ce. Yarinya 'yar shekara 12 mai labari a ka sai ta jira shekara shida.

Duk wanda zai kwaikwayi tsarin 500 Words da Hausa zai haɗu da tambayoyin da Turawan ba su haɗu da su ba. Yaro da ke rubutu a wayar mahaifiyarsa ba lallai ne ya samu ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka sai alƙali ya gane daga ma'ana ko kasa ake nufi ko ƙasa. Yaron Sakkwato da na Damagaram ba za su rubuta Hausar Kano ba, kuma sai an yanke hukunci ko wannan kuskure ne ko arziki. Ga kuma ɗan makarantar allo, wanda zai iya zuwa da labarinsa cikin ajami, a takarda, babu wanda zai tura masa ta intanet.